Batun canja hob ɗin baya: marubucinku ya jawo wa yaro asara

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in nuna ɓacin raina game da abin da kuka buga a shafin wasanni kan canja hob ɗin baya na keken hawan dutse, wato cibiyar tayar baya da sifoki da giyoyi suke ɗaure a jikinta. Marubucinku ya tsaya kai da fata cewa duk wanda ya sa hob mai saurin kamawa kekensa zai ƙara gudu, ya jera lambobi, 36 da 54 da 108 da 690, amma bai faɗa wa mai karatu abin da suke nufi ba, balle ya gargaɗe shi cewa ba kowane hob ne yake shiga kowane keke ba. Ni gyaran keke ne sana'ata a nan Jos, kuma a rumfata ɓarnar wannan rubutu ta sauka.

Wani yaro ɗan makaranta da ke hawa tare da abokansa wajen duwatsun Shere ya karanta rubutun, ya kwashe kuɗin da ya daɗe yana tarawa, ya yi cinikin biri a sama da wani mai sayarwa a intanet. Ya shigo mini da hob ɗin a leda yana ta murna, ya ce in ɗaura masa kafin Asabar. Ina sa ma'auni na ga faɗinsa milimita 148 ne, mai aksul na milimita 12, alhali kekensa na gwanjo ne mai faɗin milimita 135, irin wanda ake ɗaure tayarsa da ɗan siririn ƙarfe mai mariƙi. Ramukan sifokin hob ɗin 28 ne, na rim ɗin kekensa 32. Abin da ya fi muni, giyoyinsa na baya firiwil ne mai zare, wanda haƙoran kamawa suke cikin firiwil ɗin kansa, don haka ko da faɗin ya zo daidai, sai ya sayi sababbin giyoyi, wataƙila har da sarƙa da abin canja giya. Mai sayarwar ya ƙi karɓar kayansa. Yaron nan ya tsaya a gabana idonsa ya kaɗa ya yi ja, yana nuna mini jaridarku yana cewa, "Baba, ai a nan aka rubuta." Me zan ce masa?

Da marubucinku ya san aikin, da ya bayyana cewa lambar nan yawan wuraren da hob yake iya kamawa ne a zagaye ɗaya. Idan ka raba digiri 360 da ita, sai ka sami iyakar tazarar da giya za ta juya a banza kafin ƙarfin ƙafarka ya isa taya. Haƙora 18 suna ba da digiri 20, haƙora 36 digiri 10, haƙora 54 kusan digiri 7, shi kuwa hob ɗin Hydra na kamfanin Industry Nine mai wuraren kamawa 690 da ya yi ta kururutawa, kusan rabin digiri. Abin da ƙafa take ji kuma ya danganta da giyar da kake ciki. Idan farantin gaba yana da haƙora 32, na baya 51, digiri 20 ɗin nan sukan koma kusan 32 a sandar feda, wato ƙafarka za ta iya tafiya wajen santimita 10 ba ta tura komai ba. A giya mai nauyi ta shimfiɗaɗɗiyar hanya, mai haƙora 10 a baya, tazarar ba ta wuce digiri 6 da 'yan kai ba, kuma ba wanda yake lura da ita.

Ashe ke nan amfanin abin yana wuri ɗaya ne, wato inda mutum yake hawan tudu mai duwatsu a hankali, yana dakatar da feda don kada ta bugi dutse, yana mayar da ita baya kaɗan sannan ya sake takawa. A nan kam na yarda, ni ma na ji bambancin a ƙafata tsakanin 18 da 36. Amma da zarar haƙora sun kama kuma mutum yana tuƙi ba tsayawa, hob mai 18 da mai 690 gudu ɗaya suke yi. Ina ƙarin gudun da aka yi wa yara alkawari?

Sannan bai ce uffan ba game da abin da yawan haƙora yake jawowa. A irin hob mai zobba biyu masu haƙora, idan aka ƙara yawansu dole su ƙanƙance, kuma ƙananan haƙora ba sa son giris mai kauri ko datti. Ƙurar hunturu tamu idan ta cakuɗe da giris ɗin da ake danna wa boris, sai zobban su kasa zama sosai, su riƙa zamewa da ƙara a daidai lokacin da mutum ya miƙe tsaye a kan feda, daga nan bakin haƙoran ya fara karyewa. Na buɗe irinsu da hannuna, na ga ɓarɓashin ƙarfe a ciki. A keke mai shakazoba a baya kuwa, hob mai saurin kamawa yakan sa feda ta fi harbo ƙafa baya idan shakazoba ta nutse, har wasu masu tseren gangara a Turai suna ɗaura wata na'ura a farantin gaba wadda take mayar da wannan sako-sakon, wato juyawar feda a banza, da gangan. Su suna biyan kuɗi don su same shi, marubucinku yana cewa yaranmu su biya don su rabu da shi.

Shawarar da za ta amfani mai karatu ma bai kawo ta ba. Wanda yake da hob irin DT Swiss 350 mai haƙora 18 ba ya bukatar ya kwance tayarsa ko kaɗan, zobba biyun kawai zai canja zuwa na 36, kuma da hannu ake yi. Wanda zai canja hob gaba ɗaya kuwa, ya sani cewa sai an warware taya an sake saƙa ta, sau da yawa da sababbin sifoki domin tsawon yakan bambanta, kuma sai ya duba ko jikin da giyoyi ke hawa HG ne, ko Micro Spline na Shimano, ko XD na SRAM, da kuma ko faifan birkinsa mai ƙusa shida ne. Yawancin yaran da ke zuwa wurina tayoyinsu sun cinye, birkinsu ba ya kamawa, kuma can ne kuɗinsu ya kamata ya fara zuwa.

Wani abin kuma, hoton da kuka liƙa a saman rubutun hob ɗin gaba ne, wanda ba shi da haƙori ko ɗaya a cikinsa. Shekara da shekaru shafin nan ba ya sanin wani wasa sai ƙwallon Ingila, ranar da kuka tuna da masu keke kuma sai aka yi mana haka.

Ina roƙon ku buga gyara a wannan shafin, da girman da kuka ba rubutun farko, ku kuma sa marubucin ya zauna da wani mai gyaran keke kafin ya sake rubuta irin wannan.

Naka,
Mai gyaran keke, Jos