Ba Talla Ke Sayar da Mota a Sakkwato Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon fili in tofa albarkacin bakina kan muhawarar da ba ta ƙarewa tsakanin masu sha'awar motoci, wato wane kamfani ne ya fi iya kasuwa, kuma wace sabuwar mota ce ta ciri tuta. Duk sa'ad da wani kamfani ya fito da sabon samfuri, za ka ji matasa na yabon fitilu, da faɗin allon gaba, da rufin gilashi. Amma a nan Birnin Shehu, a gareji ake yi wa mota suna. Mai saye kan je wurin dillali da bakanikensa, kuma kafin ya taya sai ya ji amsar tambayoyi uku: akwai kayanta a gari, kana iya gyaranta, kuma in na tashi sayarwa za ta yi kuɗi? Motar da kanikawan garejin Buzaye suka yamutsa mata fuska, ko da zinari aka yi mata talla, za ta daɗe a hannun dillali.

Peugeot ce shaida. Kamfanin PAN, wato Peugeot na Najeriya, ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, alhali Faransa ta daina ƙera ta tun 1983. Ba kyau ne ya riƙe ta ba. Tana da tudu daga ƙasa, tayoyin baya ke ja, shokozobanta na da doguwar tafiya da ke shanye gargada, kuma kafireto ne da ita wanda ake kwancewa a wanke a gefen hanya tsakanin Tureta da Talatar Mafara. Ga shi gwamnati na saye, saboda haka kayan gyara suka cika kowace kasuwa. Da kayan suka fara wuya, motocin Kwatano kuma suka kwararo, sai kasuwa ta koma hannun Toyota da Honda, 'yan haya suka rungumi Golf 3 da Sharan da Hiace. Wani abin ban dariya, hatta sunayen ba kamfani ne ya raɗa ba. Babu wani ofishin talla a Japan da ya san da Hala ko Discussion Continues ko Camry Muscle. 'Yan kasuwa suka laƙaba, kuma da su ake ciniki har gobe.

Abin da masu muhawara ba su cika lura da shi ba shi ne, akasarin motocin da muke hawa ba don mu aka ƙera su ba. An yi su ne don mai saye a Amurka ko Turai, bisa dokokin hayaƙi na can, da man fetur na can, da sanyin can. Sai sun shekara takwas ko goma suke isowa gare mu. Ke nan shawarar da kamfani ya yanke yau, ita ce za ta faka a tashar Sakkwato bayan shekara goma, mun so ko mun ƙi. Tun daga samfurin 2018 Honda ta cire V6, wato inji mai silinda shida, daga Accord, ta sa ƙaramin inji mai lita 1.5 da turbo, na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, haɗe da giya mai sarrafa kanta da ake kira CVT. Toyota ta mayar da Sienna haibirid zalla daga samfurin 2021, wato mai haɗa fetur da batir, ta yi wa Camry ta Amurka haka daga 2025. Land Cruiser 300 da ta fito a 2021 ta zo ba V8, sai V6 mai turbo biyu. Ford kuwa ta daina Fusion a Amurka a 2020, ta koma kan manyan motoci. Direban da ke lodin Sienna zuwa Abuja ya kwana da sanin cewa wata rana wadda ya sani za ta ƙare a kasuwa.

A takarda dabarar tana da kyau: ƙaramin inji, ƙarfi mai yawa, shan mai kaɗan. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 babu wanda zai raina wannan. Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Turbo na juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma baƙin mai ne ke sanyaya shi yana masa santsi. In man ya ƙone ko ya yi datti, 'yar siririyar hanyar da ke kai masa mai ta toshe, sai hayaƙi shuɗi ya biyo salansa, mota ta mutu da ƙarfi. Littafin motocin Toyota na Amurka ya ce a juye mai bayan mil 10,000, wato kusan kilomita 16,000, amma a wani shafin ya ce in ana bin hanya mai ƙura a rage zuwa mil 5,000. Masu talla lamba ta farko suke faɗi. Mu a nan, daga hunturun Disamba zuwa zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, shafi na biyu ne namu, kuma filtar iska tana son a duba ta duk ranar juyen mai.

Sai batun kaurin mai. An saba a ce mai kauri ya fi dacewa da ƙasar zafi, a zuba 20W-50 a kowace mota. Wannan karatun zamanin 504 ne. Injin da aka rubuta 0W-20 ko 5W-30 a murfinsa yana da matsattsun hanyoyin mai, kuma da ƙarfin man ne na'urar VVT-i ke daidaita buɗewar bawul. Mai kauri ba ya isa sama da wuri in an tayar da safe, daga nan sai ƙarar sarƙa, sai wutar gargaɗi a allo. Haka injin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda: famfonsa na aiki da matsin da ya kai 150 zuwa 200 a ma'aunin bar, alhali na tsohuwar injekta 3 ko 4 ne kawai. Irin wannan famfo ba ya yafe ruwa ko yashi. Ba a manta da gurɓataccen fetur mai methanol da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ba, balle wanda ake saye a galan a bakin hanya. Ƙari a kan haka, tun da fetur ba ya bi ta kan bawul ɗin shaƙa ya wanke su, baƙin tokar hayaƙi na taruwa a kansu, mota ta riƙa rawa a tsaye. A nan dole a yaba wa Toyota, domin injinta mai lita 2.5 na Camry 2018 ya haɗa fesa iri biyu, kuma ɗayan na wanke bawul ɗin.

CVT ba ta da haƙoran giya irin wanda aka sani. Bel ne na ƙarfe tsakanin faya-faye biyu da ke matsewa su buɗe. Maƙiyanta biyu ne, zafi da man da ba nata ba. Nissan na son NS-2 ko NS-3, Honda na son HCF-2, Toyota ma tana da nata. In aka zuba jan man giya na gama-gari, bel ya fara zamewa yana kankare fayan, sai kuka, sai fizga, daga nan kuma ba gyara sai sauyi. Motar da aka yi wa lodin mutum bakwai da buhunan albasa daga Aliero da tsakar rana, ba irin aikinta ba ne. Shi ya sa har yau 'yan haya ke neman mai kuloci, ba don rashin wayewa ba.

Ba duka laifin ne na kamfanoni ba, mu ma da namu. Da mota ta sauka, abu na farko da wasu ke yi shi ne cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai an yi ta ne don ƙasar sanyi. Tamostat ɗin Toyota da yawa na buɗewa a digiri 82, don injin ya zauna a zafin da aka tsara masa. In babu shi, ƙwaƙwalwar motar na ɗauka injin bai yi ɗumi ba, sai ta ci gaba da ƙara fetur, fulogi ya yi baƙi, aljihu ya ji a jikinsa. Sannan a cika lagireto da ruwan rijiya. Ruwa zalla na tafasa a digiri 100, amma haɗin rabi da rabi na ruwan sanyaya inji, da murfi mai lafiya mai riƙe matsin bar 1.1, yana wuce 120 bai tafasa ba, kuma ba ya cin alminiyam. Motoci da yawa da ake cewa ba sa jure zafin Sakkwato, murfin lagireto ne ya gaji ko ƙura ta toshe saƙarsa, har ta kai ga ƙone gasket.

Haibirid ba sabon abu ba ne, Prius ta fito a Japan tun 1997, kuma a cikin gari tana rage shan mai sosai. Abin lura shi ne batirinta da iskar cikin mota yake shan sanyi, ta wata 'yar taga kusa da kujerar baya. In ƙura ta toshe fankar, ko fasinja ya jingina kaya a kan tagar, batirin ya dahu a hankali. Ƙarfin wutarsa ya haura bolt 200, wayoyinsa masu ruwan lemo kuwa ba na taɓawa da hannu ba ne kafin a zare makullin tsaro. Kwampiresan esinta na lantarki ne, yana son man ND-11 wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. Mai gyaran esi da ya zuba man da ya saba, ya jawo aiki babba. Babu kamfanin da ke faɗin wannan a talla, kuma wanda zai fara koya wa kanikawanmu shi da Hausa, shi zai mallaki kasuwar gobe.

Masu cewa a tsallake kai tsaye zuwa mota mai lantarki zalla suna da hujja, kuma Sakkwato ba baƙuwa ba ce a zancen. Ɗanta ne, Jelani Aliyu, ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, kuma a zamanin da yake shugabantar hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci a Najeriya aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. Rana kam Allah ya hore mana. Amma zafin da ke ba da wutar shi ke tsufar da batir, kuma tasha ɗaya ba ta kai matafiyi Gusau ta dawo da shi.

Yanzu kamfanonin China irin su GAC da Chery da Geely da Changan sun shigo da ƙarfi, ga Innoson a Nnewi, ga Dangote Peugeot da ya fara haɗa motoci a Kaduna a 2022. Makaminsu farashi da dogon garanti da kayan ƙyale-ƙyale. Ina yi musu fatan alheri, domin sabuwar mota ta fi wadda ta sha gishirin da ake zuba wa titi don narkar da ƙanƙara a wata ƙasa. Amma garanti na da sharaɗi, sai an riƙa yin sabis a cibiyar da kamfani ya amince da ita. In mafi kusa tana Kaduna, tafiyar fiye da kilomita 400 ce don juyen mai, a kan hanyar da kowa ya san halin da take ciki. Da sun dubi yadda Bajaj ya yi da babur, da sun ɗauki darasi. Boxer bai fi sauran kyau ba, amma ɗan kabu-kabu ya san in ringi ko kuloci ya tafi, zai samu a Illela ko Gwadabawa ko Yabo kafin la'asar. Toyota ma ta san wannan karatu. Tun 2004 ta ware tsari na musamman ga ƙasashe masu tasowa, wanda ya haifi Hilux da Fortuner da Innova na zamani, kuma ba ta kashe Land Cruiser 70 da ta fara a 1984 ba. Ita ce kuma ta ɗauko Suzuki Baleno daga Indiya a 2020 ta manna mata suna Starlet ta kawo Afirka, domin ta san tambarinta kaɗai ya isa ya kwantar wa mai saye da hankali.

Inda nake ganin manyan kamfanonin sun gaza shi ne yadda suke kawar da kai daga motocinsu na hannu, alhali su ne suka yi musu suna a nan. Jakar iska ta kamfanin Takata, wadda kan fashe ta watso ƙarfe a fuskar direba bayan ta daɗe cikin zafi da laima, ta sa an janye miliyoyin motoci a duniya, ciki har da Accord da Civic da Corolla na shekarun 2000, irin waɗanda suka cika titunanmu. Mai motar a Amurka wasiƙa aka aika masa, aka sauya masa kyauta. Wanda ya saye ta a nan bai ma ji labari ba. Mai irin wannan mota yana iya duba lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ya shigar da ita a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, ya ga ko an yi mata gyaran.

Malam Edita, roƙona shi ne in wakilin wani kamfani ya kawo muku sanarwar sabuwar mota, kada wakilinku ya tsaya ga hoto da farashi. Ya tambaye shi nawa ne tazararta daga ƙasa in an yi mata cikakken lodi, ko tana da tayar safaya ta gaske ko 'yar kwalbar faci ce kawai, wane baƙin mai take sha kuma bayan kilomita nawa a ƙasa mai ƙura, a wane shago ne a Sakkwato ake samun filta da takalmin birki da famfon ruwanta, kuma kanikawa nawa suka horar a jihar nan. Ku buga amsar yadda ya ba da ita, tare da farashin gilashin gaba da fitila guda, domin su ne suka fi saurin fashewa a hanyar Jega.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai bibiyar harkar motoci,
Sakkwato.