Kuɗin mataki ɗaya muke da shi, ina ya kamata mu sa ƙafa?

Assalamu alaikum Malam. Da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya jama'a? Allah ya saka da alheri bisa wannan fili da kuke ba masu ƙananan sana'o'i.

Ni da yayana muke da wurin renon dashe a bakin titi, a wajen birnin Kano. Filin bai wuce fuloti ɗaya da rabi ba, kuma ba namu ba ne. Haya muke biya shekara-shekara, babu takarda, maganar baki ce kawai. Muna da leda wajen 6,000: kusan rabi fulawar shinge ce da ta tukunya, sauran kuma mangwaro, lemu, gwaiba, gwanda, zogale, darbejiya da turare. Yara biyu ke taya mu ban ruwa. Da adashi da ɗan abin da muka yi tsiminsa, mun haɗa kuɗin da zai isa mu yi abu guda ɗaya mai kyau, ba biyu ba. A nan ne bakinmu ya rabu.

Bari in fara da ruwa, domin duk lissafin da ba a fara da shi ba a wannan sana'a, aikin banza ne. Daga Maris zuwa Mayu kowace leda tana shan kwata zuwa rabin lita a rana, safe da yamma. Wato lita 1,500 zuwa 3,000 kullum. Rijiyarmu takan ja baya a Afrilu, injin mai inci biyu ya yi minti ashirin ya fara jan iska. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ɗin injin ya zama shi ne babban abin da ke cin riba. In muka koma ga 'yan garuwa, kura mai jarka goma sha biyu ba ta wuce lita 300, ke nan kura goma a yini. Ciniki kuwa sai ruwa ya sauka, Yuni zuwa Agusta. Wata tara muna shayarwa, wata uku muna sayarwa.

Yaya yana son mu koma aikin kula da fulawa a gidaje da ofisoshi, ana biyan mu duk wata. A sayi injin yankan ciyawa, almakashin askin shinge guda biyu, mesa, baro da babur. Hujjarsa mai ƙarfi ce, ban raina ta ba: kuɗi na shigowa ko da rani, kuma duk gidan da ka riƙe, daga wurinka za a sayi dashe. Abin da ke ba ni tsoro shi ne aikin ba a hannunka kaɗai yake ba. Ka shimfiɗa ciyawar kafet, ka ce a ba ta ruwa kullum da yamma, mai gadi ya yi kwana huɗu bai buɗe famfo ba, ta ƙone, laifin kuma naka ne. Biyan ma yakan yi jinkiri, alhali yaran aiki ba sa jiran ƙarshen wata. Sannan duk wanda ya fita yawon gidaje ya bar leda 6,000 a hannun yara.

Hanya ta biyu ita ce renon tumatir, tattasai da attaruhu a faranti mai ramuka don manoman rani na Kura, Kadawa da Garun Malam. Cikin kwana 25 zuwa 30 an juya kuɗi. Amma sai da rumfar raga, irin zamani yana da tsada, in ruwa ya yi yawa gindi ya ruɓe faranti guda ya kwanta cikin dare ɗaya, kuma in mai oda bai zo a kan lokaci ba dashen ya zarce, ba mai saye. Yawancin manoma ma suna renon dashensu da kansu. Ga tsutsar sharon da ta cinye tumatir a 2016, wadda har yanzu takan dawo. Wannan mun kusa ajiye ta gefe.

Ni zuciyata tana kan ta uku: mu rage fulawa mu maida ƙarfi kan itatuwa masu aure, wato waɗanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wani tsiro, musamman mangwaro da lemu. Dalilina shi ne fulawar shinge kowa na iya yi. Ka yanki reshe, ka soka a ledar fiya wata, sati shida ya kama, don haka duk mai rumfa a layinmu yana da ita, ana ta karya farashi. Aure kuwa sai da hannu. A wurinmu mangwaro mai aure yana ninka marar aure sau uku ko huɗu a farashi, alhali ruwan da suke sha ɗaya ne. Mai saye ma ya san abin da yake biya: mai aure yakan fara 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo sai ya kai shida ko fiye, kuma ba lallai ya ɗauko uwarsa ba.

Ga yadda aikin yake, don ku ga inda kuɗin ke maƙalewa. Ana tara ƙwallon mangwaron gida a lokacinsa, Afrilu zuwa Yuni, a ɓare ɓawon a shuka cikin mako guda ko biyu, don in ya daɗe a rana ba ya tsira. Ƙasar leda kashi biyu baƙar ƙasa, kashi ɗaya taki da ya ruɓe sosai, kashi ɗaya yashi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa yana kuma kiran gara. Sai tsiron ya kai kaurin fensir, wata takwas zuwa shekara, sannan a yanke kansa a tsaga, a feƙe reshen irin da ake so, Binta Suga ko Juli ko Kent, a cusa ɓawo ya haɗu da ɓawo, a naɗe da zirin leda, a rufa masa wata ledar a ajiye a inuwa. Bayan sati uku zuwa huɗu in ido ya fashe, ya kama. Duk tohon da ya fito ƙasa da ɗaurin a cire shi, in ba haka ba gindin ya rinjaye reshen, ka sayar wa mutum mangwaron gida da sunan mai aure, sunanka ya ɓaci bayan shekara huɗu. Da hunturu ba ma taɓa wuƙa, iska tana busar da reshen kafin ya haɗe. A hannun Yaya bakwai ko takwas cikin goma ke kamawa, a hannun yara da ƙyar rabi. Kuma duk wata sai an ɗaga ledojin an sauya musu wuri, don in saiwa ta huda leda ta shiga ƙasa, ranar ɗauka sai ta tsinke, dashen ya yanƙwane a motar mai saye.

Ke nan daga ƙwallo zuwa kuɗi, wata goma sha huɗu ne mafi ƙaranci. Lemu ya fi haka jinkiri, yakan kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. A tsakanin nan gida biyu ne za su ci abinci.

Akwai kuma maganar iyayen itatuwa. Wanda zai yi aure da yawa dole ya mallaki itatuwan da zai riƙa yankan reshe, waɗanda ya tabbatar da irinsu, ko da guda goma ne. Za a iya neman iri na gaskiya a tashar cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Bagauda, amma ina za a dasa su? Ba a dasa itace a filin haya na bakin titi, inda gobe mai fili zai iya cewa zai yi shaguna, ko a zo faɗaɗa hanya. Haka burtsatse. Famfon sola da farantansa da tankin lita 2,000 guda biyu ana iya kwance su a tafi da su, rami kuwa an bar wa mai fili.

Muna da gonar gado a ƙasar Bunkure, kusa da kanal ɗin da ke kawo ruwa daga madatsar Tiga. Ruwa ya fi sauƙi can, ko da yake akan rufe kanal don gyara, sai an haɗa da rijiya. Sai dai babu mai wucewa a mota ya hango fulawa ya tsaya. Tunanina shi ne a yi reno can, a bar bakin titi ya zama wurin baje kaya kawai da leda 1,500, ana kawo sabo duk mako biyu a a-kori-kura. Yaya ya ce wuri biyu, tsaro biyu, kuɗin mota, ga awaki, kuma gonar ba mu kaɗai ke da haƙƙi a kanta ba, akwai ƙannenmu mata uku. Gaskiya ya faɗa.

Wani rauninmu, wanda ba zan ɓoye ba, shi ne aljihu ɗaya ne da na cefane. Muna rubuta ciniki, ba ma rubuta abin da ya mutu ko wanda aka bayar kyauta, don haka ba zan iya rantsuwa a kan wane kaya ne ke ciyar da mu ba.

To Malam, ga abin da nake roƙo ku duba mana. Shin ya dace mu zuba kuɗin a ruwa a filin da ba namu ba, in mai shi ya yarda da takardar shekara biyar a gaban mai unguwa da shaidu, ko kuwa ko da takarda kasada ce? In Bunkure za mu nufa, wace irin yarjejeniya za mu yi da ƙannenmu, haya ko kaso, yadda itatuwan da za su shekara talatin ba za su zama sanadin ɓacin zumunci ba? Kuma ko akwai hikima mu ɗauki gidaje uku ko huɗu kawai, na kusa, su riƙe mu har dashen farko ya isa sayarwa, ko hakan raba ƙarfi ne? Bashi mai ruwa dai mun yi ittifaƙi ba za mu ci ba.

Abu na ƙarshe ya fi min nauyi. Yaya ne ya koya mini riƙe wuƙar aure, shi ne babba, kuma hannunsa ne jarin wannan shiri da nake so. Ta yaya zan kawo masa lissafin ba tare da ya ji kamar ƙaninsa na ja da shi ba? Lokacin ƙwallo na ƙaratowa, in ya wuce sai baɗi.

Allah ya ƙara basira. Wassalam.

Naku,
mai renon dashe daga Kano