Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Buɗe Laburaren Garinmu Da Shirin Karatun Littafi Ɗaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara wa Mai Martaba Sarkin Zazzau lafiya da nisan kwana. Mu ne talakawanka na wannan gunduma, cikinmu akwai malaman firamare da na islamiyya, da ɗaliban sakandare, da 'yan kasuwa, da iyaye mata da suka ce lallai sai an sa da su. Ni da nake rubutawa malamin firamare ne, su suka ɗora min alƙalamin, kuma mun sa takardar a Facebook da guruf ɗinmu na WhatsApp don duk ɗan gari ya gani ya san me muka roƙa da sunansa.

Kukanmu a kan laburaren garin nan ne ranka ya daɗe, wannan da ke bayan tsohuwar kasuwa. Muna so a buɗe shi yadda ya kamata, kuma muna so ka sa mana albarka mu fara wani shiri a cikinsa, wato duk gari a ɗauki littafi guda ɗaya a karanta shi tare na tsawon sati 6, babba da yaro, mace da namiji, wanda ya iya karatu ya karanta wanda bai iya ba a karanta masa, sannan a riƙa haɗuwa ana tattauna abin da aka ji.

Bari in faɗi abin da na gani da idona. Watan jiya na je wurin da yara uku 'yan ajina da na yi wa alkawarin zan nuna musu inda ake ajiye littattafai, sau biyu muna tarar da kwaɗo a ƙofa, sai a zuwa na uku muka dace da mai gadi ya buɗe mana. Wallahi ranka ya daɗe warin kashin jemage ne ya fara tarbarmu, silin ya rufto ta kusurwar gabas inda ruwan damina ke zuba, gara ta cinye ƙasan kantoci biyu har littattafan sun zube sun manne da juna, na ɗauki ɗaya zan buɗe sai bangon ya biyo hannuna. Fanka ɗaya ce kuma ba ta juyawa. Amma duk da haka akwai littattafai masu kyau da suka tsira a saman kanta, har da na Hausa tsofaffin bugu irin waɗanda yanzu ko a Sabon Gari sai ka sha yawo kafin ka samu. Ƙaramar cikin yaran ta ɗauko ɗaya ta kakkaɓe ƙurar da hijabinta ta ce malam za a ba ni in je da shi gida, na rasa me zan ce mata don ba wanda zai rubuta sunanta a rajista. Tun ranar abin ke ci na.

Ba mu zo don mu zargi kowa ba, mun san ma'aikatan wurin su ma ba a ba su kayan aiki ba, kuma ko an buɗe ƙarfe huɗu ake tashi, daidai lokacin da yara ke islamiyya manya kuma suna wurin nema, Asabar da Lahadi kuwa a rufe. To yaushe mutum zai je?

Kafin mu kawo maka wannan magana sai da muka gwada a ƙaramin mataki. Asabar uku a jere bayan la'asar muka shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiyar ƙofar makarantarmu da kwafi biyu kacal na Magana Jari Ce littafi na ɗaya, ranar farko mu 14 ne, ranar ƙarshe sai da aka aro benci daga shagon mai shayi. Abin da ba zan manta ba, wani dattijo mai facin keke da ke aiki a gefe, da farko yana ta bugun tayarsa kamar ba ya ji, can da yaron da ke karantawa ya yi tuntuɓe a wata kalma sai tsohon ya gyara masa daga inda yake ba tare da ya ga takardar ba, ashe ya karanta littafin tun yana yaro kuma har yau labarin na kansa. Ya ajiye famfo ya matso ya zauna, ya ƙarasa mana labarin da baki, yaran nan da kullum idonsu na kan TikTok suka yi tsit suna kallonsa, bayan an tashi suka bi shi da tambayoyi har aka kira magariba. Jikansa na cikin yaran, ya ce min bai taɓa sanin kakansa ya iya boko ba.

Wannan shi ne abin da muke so ya game gari. Idan littafi ɗaya kowa ke karantawa, to mai shayi da ɗan acaba da malamar asibiti da ɗan aji uku duk suna da abin da za su yi hira a kai, uwa za ta tambayi ɗanta ina aka tsaya, shi kuma dole ya iya karantawa don ya ba ta amsa. Mu da ke aji mun san halin da ake ciki, akwai yaran da ke gama aji shida ba sa iya haɗa jimla ɗaya ta Hausa balle Turanci, kuma ba don ba su da ƙwaƙwalwa ba, ba su taɓa riƙe littafin da ba na jarrabawa ba ne, ba su taɓa ganin babba na karatu don jin daɗi ba.

Wasu sun ce mana ai wannan abin Turawa ne. Gaskiya ne a wannan sigar a birnin Siyatil na Amurka aka fara a 1998, laburaren birnin ya kira mutane su karanta littafi guda, Shikago ta ɗauka a 2001, daga nan ya bazu garuruwa da yawa. Ko a nan gida Fatakwal ta riƙe kambun babban birnin littafi na duniya na UNESCO a 2014. Amma ranka ya daɗe ka fi mu sani, taruwa a saurari littafi ɗaya ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Duk azumi ana zama a ji tafsiri da karatun Ashafa, mutum ɗaya na ja ɗaya na fassarawa jama'a na saurare har a kai ƙarshe. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura jajis, wato malamai mata da ta horar, ƙauyuka suna karantar da mata ɗalibansu da ake kira 'yan taru da waƙoƙinta tun kafin Bature ya zo. Kuma maganar boko ma ai a ƙasar Zazzau aka yi ta, a Zariya aka shirya gasar 1933 da ta fito da littattafan ƙagaggun labarai na farko na Hausar boko, a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939 Malam Abubakar Imam na edita, kamfanin Gaskiya ma a Zariya aka kafa shi, kuma iyayenmu sun ba mu labarin ajin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 inda magidanta ke zama da allo da alli bayan sun dawo gona, da yadda mutum ɗaya zai sayi jarida a zagaye shi ya karanta wa unguwa. Ƙasar da ta buga wa Arewa littattafai ce yau 'ya'yanta ke tsaye a ƙofar laburare da kwaɗo, wannan ne ke mana ciwo.

Abin da muke roƙo mafi yawansa ba kuɗi ba ne, bakinka ne. Muna roƙon ka yi magana da ciyaman na ƙaramar hukuma da waɗanda ke kula da laburaren a ba da izini a riƙa buɗewa Asabar da Lahadi da kuma yamma bayan la'asar, idan ba za a iya biyan ma'aikaci kuɗin ƙarin lokaci ba mu muna da masu sa kai da za su zauna tare da shi, kai ka tantance su, makulli kuma ya kwana a hannun mai unguwa. Rufin nan a taimaka a gyara kafin damina, kwano ne 'yan ƙalilan da silin, kafintoci biyu cikinmu sun ce aikin hannu kyauta za su yi in an kawo kaya, shara da wanki da feshin maganin gara kuwa namu ne mun riga mun raba kwanaki. In Allah ya hore ɗan sola da ƙwai biyu da fanka to alhamdu lillah, in bai samu ba za mu fara a haka.

Sai maganar littafin. Mun zaɓi Magana Jari Ce na ɗaya don labaransa gajeru ne, wanda ya rasa zaman wannan satin ba zai ɓata a na gaba ba, Hausarsa kuma tsoho da yaro duk suna ji. Kwafi 50 muke nema a saya na gaskiya daga masu bugawa, ba ma so a yi fotokwafi don haƙƙin mutane ne, kuma mun san in ka kira attajiran garin nan ka ce kowa ya ɗauki biyar biyar ba wanda zai ce a'a, alhali mu in mun je sai a ce mu dawo gobe. Kwafin za su zauna a laburare a riƙa ara da rajista, kowace unguwa a ba ta nata kaso, in an gama zagaye a mayar.

Mun ji tsoron da wasu iyaye ke yi, suna cewa kar a fake da karatu a shigo musu da littattafan da za su ɓata tarbiyya ko a riƙa cakuɗa samari da 'yan mata. Tsoronsu na kan hanya kuma ba mu raina shi ba. Shi ya sa muke so kai da kanka ka naɗa 'yan kwamiti, da liman da hedimasta da dattijuwa ɗaya cikin mata, duk littafin da za a ɗauka nan gaba sai sun duba sun yarda. Mata ranarsu daban, Lahadi da hantsi, malama mace ce za ta ja musu, waɗanda ba sa fita kuma za a ɗauki karatun a waya a tura musu ko 'yan mata su bi su gida su karanta musu, iyayenmu mata ne ma suka kawo wannan shawarar. Siyasa kuma ba ma so ta shigo ko kaɗan, ba fosta ba hular jam'iyya, duk mai son taimakawa ya kawo ta hannun fada.

Sannan muna roƙon ka umarci dagatai da masu unguwanni su sanar, mai shela ya zaga, limamai su ambata bayan sallar Juma'a, don mu in mun faɗa a WhatsApp iyakar masu data ne za su ji.

Roƙo na ƙarshe shi ne ya fi mana girma. Ranar buɗewa muna so ka zo da kanka ranka ya daɗe, ka zauna a cikin laburaren nan, ka buɗe littafin ka karanta shafin farko da bakinka a gaban jama'a, ko layi biyar ne. Yaron da ya ga hakimi da rawaninsa riƙe da littafin Hausa yana karantawa ba zai ƙara cewa karatu na marasa aikin yi ba ne, magidancin da ke jin kunyar zama a tabarma ɗaya da yara shi ma zai zo. Muna so a fara bayan an gama girbi mutane sun ɗan samu sarari, ranar kuma kai za ka tsayar.

In ka ba mu dama, wakilanmu biyar za su zo fada ranar Juma'a bayan an sauko da takardar sa hannu da ɗan yatsan waɗanda ba sa rubutu, da hotunan da muka ɗauka a cikin laburaren, dattijon nan mai faci ma ya ce zai biyo mu.

Allah ya taimaki hakimi, Allah ya ƙara girma.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
malamai, ɗalibai, 'yan kasuwa da iyaye mata na wannan gunduma.