Mai son barin giya a Yamai: likita tukuna, sannan zaman 'yan'uwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili kan tambayar da iyalai ke yi ƙasa-ƙasa a Yamai: ina za a kai wanda giya ta kama, shi ma kansa ya gaji? Ya ji wa'azi, ya yi rantsuwa, ya sha rubutu, bayan sati biyu ya koma ruwa. Abin da ya fi riƙe irin wannan mutum shi ne zama da waɗanda suka sha wuyar da yake sha. Amma akwai abin da ke gaban zaman.

Wanda ya daɗe yana sha kullum, musamman in sai ya kurɓa da safe hannunsa ke daina rawa, kada ya yanke dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe makyarkyata ke farawa, ga zufa, ga tashin zuciya, barci ya ƙaurace. Cikin kwana biyun farko wasu kan faɗi kamar masu farfaɗiya. Daga kwana na 2 zuwa na 4 ne abin tsoro yake: mutum ya rikice, ya ga ƙwari na bin bango, jiki ya yi zafi, zuciya ta yi ta dukan uku-uku. Wannan yana kisa. A sa ido a farkon azumi, lokacin da mashaya da yawa ke yankewa farat ɗaya, gida kuma a ce iskoki ne ko zazzaɓin sauro. A asibiti ana ba da diazepam na 'yan kwanaki ana ragewa, da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Kada a saye shi wurin masu tallar magani, domin in ya haɗu da giya ko tramol yana iya tsayar da numfashi.

A faɗa wa likita gaskiyar abin da ake sha. Babbar kwalba mai 65 cl, mai ƙarfin 5%, tana ɗauke da kusan giram 26 na barasa, alhali giram 10 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ƙirgawa awo ɗaya. Mai cewa "uku kawai nake sha" ya kusa awo 8 ke nan.

Zaman masu barin giya kuwa ba ya kafa allo a bakin hanya, sai an tambaya. A fara da majo, wato shugaban CSI, ƙaramin asibitin unguwa, a keɓe. Sai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa, wato Pavillon E, wanda jama'a ke gudu don kada a ce sun haukace, alhali cire giya daga jiki aikinsa ne. Limami ko shugaban coci mai riƙe sirri shi ma kan san wanda ya bari ya daɗe. Duk inda aka nemi kuɗin shiga, ko ana sayar da magani, ko ana ɗaure mutum, ko ana ɗaukar hoto, a juya.

In babu na kusa, mutum uku sun isa a fara. Ƙungiyar masu barin giya ta Alcoholics Anonymous da mutum biyu ta soma a 1935, a garin Akron na Amurka. A tsayar da rana ɗaya a mako, awa ɗaya, a daidai lokacin da aka saba zuwa mashaya, galibi bayan magariba, a kuma ƙara zama a ƙarshen wata in albashi ya faɗo. Kowa ya yi magana minti biyar kan kansa, ba katsewa, ba wa'azi. In an haura goma a raba biyu. Dala ashirin-ashirin ta ishi shayi, sukari da gawayi. Sabon shiga ya riƙe lambar wani da ya riga shi bari, ya kira shi tun kafin ya hau kabu-kabu. Ƙishin giya kan taso ya lafa, sau da yawa cikin rabin awa. Alkawarin kuwa na yau ne kawai, gobe a sake.

Abin da ke kashe zaman shi ne baki. Ya yi kama da fada, amma hirar fada takan kai Wadata kafin shayi na uku ya nuna. A nan magana ɗaya ta fita, ba mai dawowa. Shi ya sa ba mu son rukunin WhatsApp: lamba da hoto a fili suke, salular kuma tana hannun yara. Bashi tsakanin 'yan zama ma yana watsa su, haka nan wanda ya naɗa kansa shugaba. Wanda ya zame ya sha, kada a kore shi, amma in ya jera kwanaki yana sha ya koma likita kafin ya sake yankewa, don rikicin yankewa yana ƙara tsanani in ana maimaita shi. A kuma lura da mai sauya giya da tramol. Mata su yi nasu zaman daban.

Iyali kuwa, su daina biyan bashin mashaya, kada kuma su zuba masa wani abu a abinci a ɓoye.

Roƙonmu ga shugabannin CSI da masu unguwanni, daga Bukoki har Harobanda: a ba da aron ɗaki ɗaya mai ƙofa, da yamma bayan an tashi aiki, ba tare da rubuta sunan masu shiga ba.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiya, Yamai