A Koya wa Yaranmu Tarihin Yaƙin Haɗeja

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Duk ranar 1 ga Oktoba sai a ta bikin 'yancin 1960, kamar a faranti aka miƙo mana shi. To ina labarin Haɗejawa? A 1906 sojojin Turawa suka zo da manyan bindigogi, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya. Shi da fadawansa da talakawa suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, da takubba da kibau, har aka kashe shi cikin garinsa. Shi ya sa ake kiransa Mai Shahada.

Wallahi abin yana ci mini rai, 'yan firamarenmu ba su ma san sunansa ba. Ina roƙon gwamnatin Jigawa ta sa wannan tarihi cikin darussan makarantu.

Naka,
Wani manomi daga karkarar Haɗeja