Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ke kai baƙi yawon buɗe ido Badagry

Zuwa ga Manajan Kamfani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Yallaɓai, masu wannan takarda malaman makaranta ne da masu yi wa ɗalibai da iyalai jagora daga Arewa da unguwannin Hausawa na Legas, tare da wasu da suka san aikin jirgin ruwa. Ƙorafinmu a kan tafiyar yini guda ne da kuke sayarwa zuwa Badagry. Ba mu ambaci sunan kamfaninku ba, don gyara muke nema, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mun dai fito da takardar fili ne saboda iyayen da ke biyan kuɗin nan su san abin da za su tambaya kafin su saki 'ya'yansu.

Tushen matsalar jadawalinku ne. Kuna tayar da mota daga cikin Legas da hantsi. Hanyar wajen kilomita 60 ce, amma duk wanda ya san ta ya san cunkoson Alaba Rago da Iyana Iba da Okokomaiko da Agbara, ga shingayen kwastan da na jami'an shige da fice, tunda ita ce hanyar iyakar Seme. Ba ku ma gaya wa baƙi su riƙo katin shaida, sai mutum ɗaya ya tsayar da mota guda. A haka ake isa da azahar. Sai ku fara da gidajen tarihi, a ci abinci, sannan bayan la'asar a ce a ƙetare ruwa zuwa Gberefu, inda ake bin hanyar da aka bi da bayi har bakin Tekun Atlantika. Ƙetarewar 'yan mintuna ce, amma tafiyar ƙasa daga inda jirgi ke sauke mutane zuwa teku minti 20 ce zuwa 30 cikin yashi, in da yara da tsofaffi ta fi haka. A haɗa da dawowa da zaman bakin teku, magariba ta yi. A Legas rana na faɗuwa tsakanin wajen 6:30 da 7:00 duk shekara, duhu kuma ba ya jira. Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ta hana tafiyar dare a kan ruwa, jiragen da kuke ɗauka kuma ba fitila gare su ba. A juya tsarin kawai: a tashi bayan sallar asuba, a fara da ƙetarewa da safe ruwa na kwance, a dawo gari kafin azahar, gidajen tarihi su zo daga baya, tunda su a kan tudu suke.

Sai rigunan kariya. Abin da ake tarawa a bakin tashar jirgi ana miƙa wa baƙi girma ɗaya ne, na manya, wasu zif ya mutu, wasu maɗaurin ya karye an ƙulla da tsumma. Yaron da aka zura wa rigar babba, da ya faɗa ruwa rigar ce za ta taso ta rufe masa fuska, shi kuma ya zame ta ƙasa. Kowace rigar kirki tana da tambari a ciki mai nuna ƙarfinta da nauyin wanda aka ɗinka ta dominsa. Mai alamar 50N ta wanda ya iya iyo ce, taimako kawai take yi, ba ta juya wanda ya suma ta mai da fuskarsa sama. Ga mutanen da yawancinsu ba su iya ruwa ba, kada a yi ƙasa da 100N, mai abin wuya da usur, ta yara kuma da maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Gwajin ba shi da wuya: a ɗaure duk maɗauran, a kama kafaɗun rigar a ja sama, in ta wuce haɓa ta kai kunne, ta yi yawa. A matsa soson ciki da yatsa. In bai taso ba, ko ya yi tauri yana marmashewa, rigar ta mutu. Abin da ke kashe ta kuwa mai da ta matashin zama da barin ta a rana da fetur na zuba a kanta. Kuma a sa ta a kan hijabi ko babbar riga, ba a ƙarƙashi ba, a ɗaure tun a tudu kafin a taka jirgi.

Lodi ma haka. Kuna biyan masu jirgi da sahu, ku kuma kuna son rage sahu, sai a cusa tawagar da ta kamata a raba uku cikin jirgi biyu. Ba da ƙirga kawuna kaɗai ake gane lodi ba, ana duban tazarar da ta rage tsakanin bakin jirgi da ruwa. In fasinja na zaune yana taɓa ruwa da tafin hannu ba tare da ya sunkuya ba, toroƙon da wani jirgi mai gudu zai tayar ya isa ya shigo ciki. Ba a kuma yi wa kowa bayani kafin tashi. Sai wani ya hango masunci na jefa birgi, mutum goma su karkata gefe ɗaya da wayoyi a hannu, ɗaya ya miƙe tsaye don hoton ya fito. Bayanin minti 3 da Hausa zai hana wannan: a shiga ɗaya bayan ɗaya, a taka tsakiya, a zauna inda matuƙi ya nuna, ba mai tashi sai an ɗaure jirgi. Da Hausa muka ce, don jagororinku Turanci da Yarbanci suke yi, uwar da ta taso daga Gumel ko Maraɗi kuma kai kawai za ta gyaɗa.

Kuna kuma sayar da zagayen ruwa na ƙarin kuɗi, wanda ke nisa da tasha, a nan ne batun inji ke da muhimmanci. Irin injin da ake rataya wa a bayan waɗannan jirage, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, ruwan da yake tafiya a kai ne ke sanyaya shi. Yana zuƙa ta 'yan ramuka a ƙasa kusa da farfela, ya fesar da siririn ruwa ta baya. Da wannan siririn ruwa ya ɗauke, leda ko ciyawa ta toshe ramukan, ko robar famfon ta cinye, cikin ɗan lokaci injin zai yi zafi ya tsaya. Ruwan Badagry kuwa gidan baƙuwar kainuwa ne, wadda Turawa ke kira water hyacinth. Ta nan ta fara shigowa Najeriya daga Jamhuriyar Benin a 1984, kuma bayan damina, in ruwan daɗi ya rinjayi na gishiri, takan rufe hanya ta naɗe farfela. Gaurin mai a yawancin irin waɗannan injuna kashi 50 ne da 1, wato rabin lita na baƙin mai a jarkar fetur mai lita 25. In an yi ƙwauro inji ya ƙone, in an zuba da yawa fulogi ya yi baƙi ya ƙi tashi. Duk wannan yakan faru ga kowane jirgi, ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne inji ya mutu a tsakiyar ruwa ba filafili ko biyu, ba anga da igiya, ba abin kwarfe ruwa, ba fulogin canji, ba tocila, kuma igiyar kashe inji da ya kamata matuƙi ya ɗaura a hannunsa tana lilo a jikin injin. Amfaninta shi ne in ya faɗa ruwa inji ya mutu nan take, maimakon jirgi ya yi ta kewaya da farfela a kan mutane.

Mafi girman ƙorafinmu, Yallaɓai, shi ne kalmar "wanka a teku" da kuka sa a tallarku. Baƙinku ruwan da suka sani shi ne dam ɗin Tiga da Kogin Kaduna da kududdufin bayan gari. Wanda ya iya iyo a can gani yake ya iya ko'ina, shi ne kuma ya fi shiga haɗari. Gaɓar tekun wannan yanki tana da gangara, taguwa na fashewa ne dab da tudu da dukan ƙarfinta, in za ta koma kuma ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafa. Mutum na tsaye ruwa iya gwiwa, taguwa biyu sun isa su mai da shi iya ƙirji bai ɗaga ƙafa ba. Sannan akwai jan ruwa: ruwan da taguwoyi suka tara a gaɓa yakan sami wata 'yar hanya ya koma ciki da gudu, wani lokaci ya kai mita 2 a daƙiƙa. Wurin ya fi ko'ina kama da lafiya, don a nan ne taguwa ba ta fashewa, ruwan ya fi duhu, kumfa da tarkace na tafiya ciki maimakon fitowa. Baƙo nan zai zaɓa. Wanda wannan ruwa ya ja, kada ya yi kokawar komowa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ya kwanta a kan ruwa, ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya yi gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar. A damina teku ya fi hauka. Ruwa kuma na cika ya janye sau biyu a yini, lokacin na matsawa da kusan minti 50 kullum, don haka inda aka shimfiɗa tabarma a bushe makon jiya ba lallai ya zama busasshe yau ba. Jadawalin cikar ruwa kyauta yake a intanet, ba mu ga alamar kuna duba shi ba.

Ga wani abu da ku ba za ku lura da shi ba. Lokacin salla na yi, ba ku tanadi ruwan alwala ba, kowa kuma ya san hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarki ne. Sai dattijo ya gangara inda yashi ke da danshi, ya tsuguna, ya naɗe hannun riga, ya sunkuyar da kai yana wanke fuska, idonsa a rufe. Taguwa ta buge shi daga tsugune, jallabiya ta sha ruwa ta yi nauyi ta naɗe ƙafa. Jarka biyu masu lita 25 da butoci biyar a inuwa sun raba mutane da wannan.

Ba ku da mai ceto a wurin, ba tuta, ba igiyar jefawa mai abin da ba ya nutsewa a baki, kuma ma'aikatanku ba su san taimakon farko ba. Abin da jama'a ke yi wa wanda aka tsamo shi ne danna ciki ko juya shi kai ƙasa wai ruwa ya fita, wannan amai kawai yake jawowa ya toshe maƙogwaro. Wanda ba ya numfashi a kwantar da shi rigingine, a buɗe hanyar iska, a hura masa sau 5, sannan danna tsakiyar ƙirji 30 da hurawa 2, dannawa 100 zuwa 120 a minti, wani kuma na kiran 112. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, asibiti za a kai shi, don huhu kan rikice bayan sa'o'i. Daga Gberefu kuwa sai an sake ƙetare ruwa, shi ya sa dole jirgi ɗaya ya zauna yana jira, kada ya tafi neman wani sahu.

Ruwan sha leda biyu ga mutum ba tanadi ba ne a wannan zafi mai gumi. A ƙalla lita 2 kowa, kuma a hana yara ɗanɗana ruwan tsohuwar rijiyar da ke kan hanya, wadda ake cewa ana shayar da bayi daga cikinta. Kada a shimfiɗa wa mutane a gindin kwakwa mai 'ya'ya. Dokin da kuke haɗa wa yara da shi a bakin teku kuma a duba majayinsa kafin kowane hawa, a rage likkafa daidai ƙafar yaro, mai doki ya riƙe ragama har a sauka.

Saboda kun cinye lokaci a hanya, tarihin da aka biya kuɗi dominsa a guje ake yinsa. Benen da ake kira na farko a Najeriya, wanda 'yan mishan suka kammala a 1845, matakalarsa ta katako ce, ƙunci gare ta, ba ta ɗaukar aji guda a lokaci ɗaya. A riƙa hawa kaɗan-kaɗan. A gidan ajiye bayi na Seriki Williams Abass, mai ɗakuna 40, da gidan tarihin iyalan Mobee, sarƙoƙin da aka ɗaure mutane da su sun zama abin ratayawa a wuya ana dariya ana hoto, jagoranku na taya su. Ba wanda ke gaya wa ɗan Sakkwato cewa daga Badagry Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon bincike, ya kama hanya a Disamban 1825 zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a can a Afrilun 1827, ko cewa daga nan Richard Lander, tsohon hadimin Clapperton, da ƙanensa suka tashi a 1830 suka bi ta Bussa da Yawuri har suka ga inda Kwara ke shiga teku. Ba a faɗa musu cewa cikin waɗanda aka kwasa daga wannan yankin gaɓa zuwa Bahia ta Brazil akwai Hausawa, har su ne kan gaba a yunƙurin boren bayi na 1807 da na 1814. Ɗalibin da ya ji wannan ba zai sa sarƙar nan a wuya don wasa ba.

Akwai kuma sharaɗinku na cewa ba a mayar da kuɗi ko da hadari ya hana ƙetarewa. Wannan sharaɗi ne ke sa ma'aikacinku ya matsa wa matuƙi ya tashi sama ta yi baƙi, don ya san in bai ƙetare ba rigima ce da baƙi. A rubuta cewa maganar matuƙi ita ce ta ƙarshe, kuma in an fasa saboda yanayi za a mayar da kuɗin jirgi ko a sake rana.

Muna roƙon amsa a rubuce kafin hutun makarantu mai zuwa, mai ɗauke da sabon jadawali, da adadin rigunan kariya da girmansu, da yawan mutanen da kowane jirgi zai ɗauka, da shaidar horon mai ceto, da tabbacin an cire wanka a teku daga tallarku. In hutun ya zo ba mu ji daga gare ku ba, za mu miƙa wannan takarda da sunan kamfaninku ga NIWA da hukumar LASWA mai kula da hanyoyin ruwa na jihar Legas, mu kuma shawarci makarantun da muke hulɗa da su su dakatar da tafiyar.

Wassalam.

Naku,
Wasu malamai da masu yi wa baƙi jagora zuwa Badagry