Rahoton Kwamiti Kan Gyaran Injin Jirgin Ruwan Ƙungiya

Kwamitin da mambobi suka ɗora wa alhakin duba injin jirgin ƙungiya ya kammala aikinsa, kuma injin ya koma bakin aiki. Kamar yadda aka sani, inji ne na rataye mai ƙarfin doki 40 da silinda biyu, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, kuma ya daɗe yana yi mana hidima. Bai taɓa tsayawa cak ba. Ƙarfinsa ne ya riƙa raguwa sannu a hankali, har ta kai ga matuƙi ya murɗe totur amma goshin jirgin ya ƙi ɗagawa, ga shan mai yana ta ƙaruwa.

Shawarar farko da aka kawo mana ita ce a farke injin a sauya fistin da zobbansa, wasu kuma suka ce a rabu da shi kawai. Kwamiti ya ƙi taɓa ko ɗaya sai an yi awo. Makaniki ya cire fulogi biyun ya auna matsin kowace silinda, kuma ƙa'ida ita ce kada tazarar da ke tsakaninsu ta wuce kashi 10 cikin ɗari. Sai aka tarar duka biyun suna da ƙarfi kuma sun yi kunnen doki, wato cikin injin lafiya lau yake. Amma littafin kamfani ya nuna cewa idan an buɗe totur duka, juyinsa ya kamata ya tsaya tsakanin 4,500 da 5,500 a minti, namu kuwa ko 4,500 ɗin bai taɓo ba.

A kan ruwa muka gane bakin zaren. Ana cikin gudu, ɗaya daga cikinmu ya matsa ƙwallon robar da ke jikin tiyon mai, nan take injin ya zabura, da ya saki kuma ya sake lafawa. Wannan ya tabbatar mana da cewa mai ne ba ya isa. Muka tsiyayi fetur daga gindin tanki cikin farar kwalba, muka ga ruwa ya kwanta a ƙasa da kaurin yatsa. Cikin tiyon ya ruɓe yana zubar da baƙin ɓarɓashi wanda ya cika matatar mai, kafar shan iskar tanki ta toshe, fatar robar famfon mai kuma ta bushe ta tsage. Da aka kwance kabureta, makaniki ya ɗaga ƙaramin bututun feshin mai sama ya ce mu leƙa, sai da ƙyar haske ke ratsa ramin saboda dasƙararren tsohon fetur. Da ruwan wanki da iska ya wanke shi, ya ƙi zura waya, domin waya tana faɗaɗa ramin ta ɓata ma'aunin man.

Muna so mambobi su kula da wannan wuri sosai, domin a irin wannan inji fetur ne ke ɗauke da man da ke shafe fistin. Duk lokacin da fetur ya yi ƙaranci, shafin ma ya yi ƙaranci, zafi kuma ya hau. A ganin kwamiti, da an ƙara wata guda ana tilasta masa gudu a haka, da gyaran da muka guda shi za mu yi.

Bayan an sauya waɗannan kayayyaki sai wata matsalar ta bayyana, wadda raunin injin ya ɓoye tun farko. Da an ɗora kaya an ba shi wuta sai kukansa ya yi sama, jirgin kuma ya ƙi bin sa. Muka ja layi ɗaya da fenti daga jikin farfela zuwa cibiyarta, muka yi ɗan zagaye muka dawo, sai ga layin ya rabu biyu, alamar robar da ke riƙe cibiyar tana sulɓewa. An sa sabuwar farfela mai girma da karkata irin na tsohuwar. A bayanta mun tarar da zaren kamun kifi ya nannaɗe ƙarfen da ke juya farfelar har ya yanke robar da ke tare ruwa, man giya ya koma fari kamar madara, don haka aka sauya su duka. An kuma sa sabuwar robar famfon ruwa, aka kankare gansakukar da ke ƙasan jirgin.

A gwajin ƙarshe, da kayan da aka saba ɗauka, juyin injin ya shiga cikin adadin da littafin ya ƙayyade. Kwamiti ya yanke cewa daga yanzu za a riƙa haɗa mai da ma'auni, kashi 50 na fetur da kashi 1 na baƙin mai, ba da ƙiyasin ido ba, kuma matuƙi zai riƙa rubuta juyin injin a littafi kowane wata. Wayoyin wutar injin sun tsufa, ba mu taɓa su ba, muna neman izinin taro a duba su. Rasit-rasit suna hannun ma'aji, tsofaffin kayan da aka cire kuma suna cikin sito ga duk mamban da ke son gani da idonsa.